Ɗaurin Gashi a Sinanci da Ɗaurin Kai a Hausa: Sharhi a Kan Fassarar Ma'ana

Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi sharhi a kansa ƙaramin abu ne a ido, wato waɗansu 'yan kalmomi na harshen Sinanci waɗanda suka danganci ɗaure gashin kai, da irin wahalar da suke ba mai son juyo su zuwa Hausa. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan Bahaushe da gashin Basine. To, ruwan ya daɗe da haɗuwa. Tun cikin 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa, a 1971 kuma Nijeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci. Yanzu kuwa wasannin kwaikwayon Sinawa da aka sa wa muryar Hausa suna shiga gidaje ta akwatin talabijin da wayar hannu, har a garuruwan bakin iyaka irin su Sule Tankarkar da Maigatari. Da yawa daga cikinsu labaran sarakunan dā ne, inda ake yawan amfani da waɗannan kalmomi, kuma sau da yawa maganar takan bi ta Turanci kafin ta iso Hausa, ta zubar da rabin kayanta a hanya.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, waɗannan kalmomi shekarun mutum da matsayinsa da aurensa suke faɗa, gashin kuwa alama ce kawai. Bahaushe yana da duk waɗannan ma'anoni, amma shi a jikin aska da rawani da kallabi da igiya ya rataye su. Misalan Hausa da za a kawo irin waɗanda ake ji ne a ƙasar Gumel, wato Gumel ɗin kanta da Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, domin akwai dalilin tarihi da ya sa wannan yanki ya dace da wannan magana, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ya sa Basine ya ɗaure gashinsa

Kafin a fahimci ko ɗaya daga cikin kalmomin, sai an san cewa a tsohuwar al'adar Sinawa baligi ba ya aski, mace ko namiji. Littafinsu na biyayya ga iyaye, wanda ake kira Xiaojing, ya koyar da cewa jikin mutum da fatarsa da gashinsa duk daga iyaye ya karɓe su, don haka lalata su rashin biyayya ne. Wannan ya sa aske wa mutum kai ya zama horo na shari'a, mai suna kun. Ana ma ba da labarin Cao Cao, babban jarumin nan da ya rasu a shekara ta 220, wanda ya kafa wa rundunarsa dokar kisa ga duk wanda ya tattake gonar alkama, sai dokinsa shi kansa ya faɗa cikin gona. Da fādawa suka hana shi kashe kansa, sai ya yanke gashinsa a madadin kansa. Bahaushen da ke zuwa wurin wanzami duk mako biyu, in ya ji wannan labari ba tare da bayani ba, cewa zai yi sarki ya yi wa talakawa wayo. Ga masu labarin kuwa hukunci ne mai nauyi.

Tun da gashi ba ya raguwa sai ƙaruwa, abin da ke sākewa a rayuwar mutum shi ne yadda ake ɗaure shi, kuma daga nan ne sunayen shekaru suka fito. Ƙaramin yaro da aka bar wa gashi yana reto ana ce masa chuitiao. Idan ya kai kamar shekara 8 sai a raba gashin biyu a ƙulle shi gefe da gefe kamar ƙahoni, wato zongjiao. Namiji yana kai 15 sai a tattara gashin a ɗaure shi dunƙule guda a tsakar ka, shi ne shufa, lokacin shiga babban karatu. Yarinya a wannan shekarar ake soka mata tsinken gashi, a ce ta kai jiji, ma'ana ta isa aure. Namiji kuma yana kai 20 sai a yi masa bikin sanya hula, a ɗora masa huluna uku ɗaya bayan ɗaya, a raɗa masa sunan girma wanda tsaransa za su riƙa kiransa da shi. Wannan shekara ita ce ruoguan.

Ke nan idan Basine ya ce abotarsa da wane ta zongjiao ce, mai fassarar da ya ce "abokina na ƙahonin gashi" bai faɗi kome ba. Abin da ake nufi shi ne abokin wasan ƙasa. Bahaushe da ƙasar da yara ke tonawa ya auna ƙuruciya, Basine kuwa da ƙullin da ke kansu, amma abu ɗaya suke nufi.

Kalmar jiefa

Wadda ta fi duka rikitarwa, wadda kuma za a fi daɗewa a kanta, ita ce jiefa. Kashi biyu ce: jie, wato ƙullawa, da fa, wato gashi. Wannan jie ɗin ita ce dai a cikin jiehun, kalmar da Sinawa ke amfani da ita yau don yin aure, wadda in aka warware ta za a ga ɗaurin aure ce sak irin na Hausa. Haɗuwar harsunan biyu a nan abin sha'awa ce, sai dai ita ce kuma tarkon.

Jiefa tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce farkon samartaka, lokacin da aka fara ɗaure wa yaro gashi. Sima Qian, marubucin tarihin daular Han, ya kawo maganar ƙarshe ta sarkin yaƙi Li Guang, wanda ya kashe kansa a shekara ta 119 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) bayan rundunarsa ta ɓata hanya a hamada. A ciki Li Guang ya yi amfani da jiefa don ya nuna tun yaushe yake fafatawa da mutanen Xiongnu, yaƙi fiye da saba'in. In aka juya wannan da cewa "tun da na ɗaure gashina," mai sauraro a Gagarawa zai ɗauka wani shiri ne na fita daga, kamar yadda ɗan dambe ke naɗe hannu da zare. Abin da tsohon ke faɗa shi ne, tun da ya tasa, tun gashin baki bai tsiro masa ba, yake wannan aiki, ga shi har furfura ta cim masa. Duk baƙin cikin maganar a tsawon shekarun yake, kuma fassarar kalma da kalma ta zubar da shi.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda ta fi yawa a bakin mutane a yau, wato auren fari. Idan aka ce miji da mata na jiefa ne, ana nufin shi bai taɓa aure ba, ita ma ba ta taɓa ba, tare suka fara. A zamanin daular Song akwai wata al'ada ta daren biki mai suna heji, wadda Meng Yuanlao ya bayyana a littafinsa na 1147 game da rayuwar birnin Kaifeng: akan ɗebi gashi kaɗan na ango da na amarya a haɗa a ƙulle. Jama'a da yawa sun ɗauka daga wannan al'ada kalmar ta samo asali. Amma babban malami Cheng Yi, wanda ya rayu daga 1033 zuwa 1107, ya soki wannan fahimta. A ganinsa, da magabata suka ce miji da mata na jiefa, ƙuruciyarsu kawai suke nufi, kuma ya kafa hujja da maganar Li Guang ɗin nan, domin babu mai cewa Li Guang ya ƙulla gashinsa da na abokan gābarsa. Wato su kansu masu harshen, kusan shekara dubu da ta wuce, sun yi gardama a kan ko a ɗauki kalmar bisa fatarta ko bisa ma'anarta. Ba abin kunya ba ne ke nan in ta kā da mai fassarar Hausa, abin da ba shi da kyau shi ne ya wuce bai san akwai rami a wurin ba.

To, da wace kalma za a juya matar jiefa? Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne uwargida, kuma a ganina kuskure ne. Uwargida muƙami ne a tsakanin kishiyoyi, kuma muƙamin yana tafiya. In ta farko ta rasu ko ta fita, mai bi mata ta zama uwargida. Bazawara ma, in ta auri saurayi ya yi mata kishiya daga baya, uwargida ce. Matar jiefa kuwa ba a gadonta. A tsohon tsarin Sinawa matar aure ɗaya ce, sauran ƙwaraƙwarai ne, kuma wadda aka aura bayan rasuwar ta farko sunanta daban. Mijin ma akan ce ya sāke wa molonsa tsirkiya, wato xuxian. Saboda haka idan a cikin wasan kwaikwayo mace ta durƙusa gaban mijinta da ya sami sarauta yana neman ya yar da ita, ta tuna masa cewa ita ce matarsa ta jiefa, ba girman kujera take nema ba, tana tuna masa ne da lokacin da su biyu ba su da kome.

Hausa tana da abin da ya fi dacewa. Akwai auren saurayi da budurwa, akwai matar ƙuruciya. A ƙasar noma kuma irin ta Sule Tankarkar, inda saurayi ke yi wa mahaifinsa aiki a gandu shekara da shekaru kafin uban ya yi masa aure, akwai matar ladan noma. Wannan ta ƙarshe ba ta yi daidai da jiefa ta kowace fuska ba, don tana ɗauke da ƙamshin gero da guminsa wanda babu a Sinancin. Amma ta riƙe abubuwa ukun da suka fi muhimmanci: ita ce ta fari, iyaye ne suka ƙulla, kuma ba a yin ta sau biyu. Namijin da ya wulakanta matar ladan noma, kowa a ƙauye ya san irin kallon da za a yi masa, shi ne kuwa kallon da Sinawa ke yi wa mai yar da matar jiefa. Ga wasan da ya shafi talakawan karkara, ita zan zaɓa. Ga na fāda, matar ƙuruciya ta fi.

Kan da ake askewa

Dalilin da ya sa Hausa ba ta da irin wannan tsani na kalmomin gashi ga namiji a fili yake. Abu na farko da ake yi wa jariri a bainar jama'a, ranar bakwai, shi ne wanzami ya aske shi. Tukku da zanko da akan bar wa yara a dā, waɗanda sunayensu ke cikin ƙamusun Bargery na 1934, su ne suka fi kusa da chuitiao da zongjiao, amma sun ja baya ƙwarai, musamman da yake malamai suna kafa hujja da hadisin da aka ruwaito daga Ibn Umar wanda ya hana aske wani sashen kan yaro a bar wani. Karin maganarmu ma ta maza a kan aski take: aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Da kan ya zama fili, sai ma'anar ta koma kan abin da ake ɗora masa. Saboda haka inda Basine zai ce an sa wa wane hula, Bahaushe naɗi yake da shi. Hakimi ko dagaci a ƙasar Gumel ba ya zama mai sarauta sai an naɗa masa rawani, in kuma aka cire shi sai a ce an tuɓe rawaninsa. Kalmar naɗa ta yi nisa da ƙyalle har ta kai ana naɗa minista da alƙalin wasa, mutanen da ba za a taɓa kewaya musu kai da kome ba. Wannan ita ce irin tafiyar da jiefa ta yi, ta bar gashi ta koma aure.

Duk da haka kada a yi gaggawar cewa ruoguan naɗi ne. Hular Sinawa ta shekara ce, duk ɗan gidan mutunci da ya kai 20 zai samu, rawani kuwa na sarauta ne ko na malanta, mutum na iya tsufa bai naɗa ba. Abin da ya dace a ce shi ne ya zama cikakken saurayi, ko ya kawo ƙarfi.

Aure kuma Bahaushe bai ɗaure shi da gashi ba, da igiya ya ɗaure shi, igiyar da ba wanda ya taɓa gani. Ana ɗaura aure, ana sakin mace, ana cewa saura igiya biyu ko ɗaya, bisa ƙidayar saki uku ta shari'a. Mai son ya gane yadda "ɗaure gashi" ke sauka a kunnen Bahaushe, sai ya kwatanta yadda "saura igiya ɗaya" za ta sauka a kunnen Basine in an juya masa ita kalma da kalma: tambaya zai yi ko akuya ake magana.

A wajen mata ne harsunan suka fi kusantar juna, kuma a nan tarihin Gumel ya shigo. Gidan sarautar Gumel na Mangawa ne, masarautar kuma ga Barno take kai gaisuwa, jihadin da ya fara a 1804 bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba. A Barno kuwa kitso ya kasance shaidar matsayi ƙarara. Yarinyar da ba ta isa aure ba akan yi mata gyaran kai mai kashi uku, kəla yaskə, wato "kai uku," har sunan kitson ya zama sunan yarinyar da ke wannan shekaru, daidai da yadda zongjiao ya zama sunan ƙuruciya. A bikin auren Barebari kuma akwai kəla tulta, wankin kan amarya, kafin a yi mata kitson manya. Ba sai an je Sin ba ke nan kafin a ga harshen da ke ƙidaya shekarun mace da gashinta, maƙwabcinmu na gabas yana yi, kuma mutanen wannan yanki da ke cuɗanya da Mangawa da Fulani a kasuwar Maigatari kowace Alhamis ba baƙin wannan tunani ba ne.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda mu kanmu muke nazarin abin. An saba a sa kitso a ƙarƙashin babin ado da kwalliya, a jero sunaye, doka da zane da shuku da kalaba, a wuce. Ba a cika tambayar wa ke yin wanne ba, a wace shekara, da abin da mai kallo ke karantawa a ciki. Alhali harshen yana nuna mana cewa kan mace magana yake yi. Akwai kitson amarya, akwai buɗar kai. Akwai ɗaurin ɗankwalin da aka raɗa wa suna ture-ka-ga-tsiya, wanda sunansa kaɗai gargaɗi ne. Macen da ta yi fice a cikin maza kuma ana ce mata kallabi tsakanin rawuna, inda ƙyalle biyu suka tsaya a madadin jinsi biyu. Nazarin da ya lissafa sunaye ya bar waɗannan, kitso ne da ƙwarƙwata. Dalilin da ya sa mai fassara ke rasa abin da zai ce in ya gamu da jiji ke nan, alhali "ta isa aure" ko "ta zama budurwa" na nan a bakin kowace tsohuwa.

Kwance gashi

Kishiyar ɗauri ma tana da nata nauyi. Pifa, wato sakin gashi ya bazu, a Sinanci alama ce ta ɗayan abu uku: hauka, ko makoki, ko zama bare wanda bai san ladabi ba. Konfushiyas ya yaba wa waziri Guan Zhong da cewa shi ya tsare Sinawa daga komawa masu sakin gashi irin na ƙabilun da ke kewaye da su. Ga mace, Hausa ta tanadi amsa. In aka ce wance ta fito kai ba ɗankwali, ko kai a tsefe, an san ko dai gobara ce, ko mutuwa, ko hankali ya gushe. Mai takaba ma tana barin ado har wata huɗu da kwana goma, ranar fita kuma da wanka da sabon kitso ake shaida ta dawo cikin mutane. Ga namiji kuwa sai a koma ga hula: dattijon da aka gani a kasuwa kai ba hula, ba takalmi, shi ne mai pifa na ƙasar Hausa.

Akwai wuri ɗaya da a ganina babu makawa sai mai fassara ya tsaya ya yi bayani a cikin jimlar kanta. A 1645, bayan Manchu sun kama mulki sun kafa daular Qing, mai riƙon sarauta Dorgon ya ba da umarni kowane namiji ya aske gaban kansa ya kitse na baya jela guda, wanda ya ƙi a kashe shi. Mutanen garin Jiangyin sun rufe ƙofofinsu sun yi kwana 81 suna yaƙi a kan wannan, aka hallaka su. Jelar ta zauna har bayan faɗuwar daular, lokacin da sabuwar jamhuriya ta ba da umarnin a yanke ta a 1912. A wasannin da suka shafi wannan zamani, shufa ta tashi daga ma'anar shekara 15 ta koma ma'anar riƙe tsohon ɗauri, wato ƙin miƙa wuya ga baƙon sarki. Tuɓe rawani ya yi kusa, amma shi mutum ɗaya yake sāmu, mai sarauta, wannan kuwa kowane namiji ne a ƙasa, daga manomi har waziri. Mai sauraron da ya tashi yana ganin aski a matsayin tsabta da sunna ba zai gane abin da ya sa gari guda ya zaɓi mutuwa a kan aska ba, sai an gaya masa. Maimakon a sa wa jarumin wasan "ba zan aske kaina ba," wadda a Hausa maganar yaro mai gudun wanzami ce, gara a sa masa: "Gashin da iyayena suka bar mini, ba zan miƙa shi ga askar baƙo ba." Jimlar ta fi ta asali tsawo, kuma mai sa murya zai yi fama kafin ya daidaita ta da motsin bakin ɗan wasa.